Gwiwa Ƙasa, Ido Gaba

Tun da na dawo, duk ranar da na zauna a teburin shayin bakin tasha sai wani ya ce, "Salifu, wai da gaske ne ka yi gudu bisa ƙanƙara?" Abokina Idi ya ce shi ƙanƙarar da ya sani ita ce wadda ake farfasawa a zuba cikin zoɓo, don haka in faɗa masa girman kofin da na shiga. Kun san ni, bakina ba ya aiki cikin taro. In na fara labari wani ya katse ni, shi ke nan na yi shiru. Shi ya sa na zauna na rubuta, kowa ya karanta a lokacinsa, a daina tare ni a hanyar masallaci.

Ba wasa ya kai ni Kanada ba, karatu ne. Makarantarmu ta aikin gona takan aika ɗalibi ya yi ƴan watanni a wata makaranta ta lardin Kebek, inda ake Faransanci, ya koyo dabarun ruwan noma. Wannan karon ni aka zaɓa. Biza ta ja lokaci har na fid da rai, sannan ta fito daidai lokacin da sanyi ke kamawa can.

Ranar tafiya, bayan asuba, na je rumfar Baba a kasuwar albasa in yi sallama. Na rusuna gabansa yadda na saba tun ina ƙarami: gwiwa ta lanƙwashe, kai ya sunkuya, ido bisa takalminsa. Ku riƙe wannan, don duk labarin a kansa yake. Kowa a Malanbil yana rusunawa, amma nawa ya yi yawa. Idi ya daɗe yana cewa na san takalman dukan dattawan gari, amma in aka jera fuskokinsu ba zan fid da ta ubana ba. Baba ya ɗora hannu bisa kaina ya ce, "Ka tahi lahiya. Ka riƙe salla, ka riƙe mutuncin mutane." Inna kuwa ta cika mini balis, wato akwatin tafiya, da kilishi da yaji da gari, da busasshen kifin da ƙanenta Kawu Hamani ya aiko daga Garu.

Kar, babbar motar fasinja ta Kwatano, ta ɗauke mu, muka wuce Gene, muka wuce Kandi. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin albasa, ta san Baba. Ta tambaye ni inda za ni.

"Kanada, Hajiya."

"Kafin Makka take ko bayanta?"

"Wata kusurwa ce daban."

"To mi ake sarowa can?"

Na ce karatu za ni. Ta dube ni da tausayi. A Parakku ta saya mini soyayyar doya da wagashi, cukun nan na Fulani, ta ce in cika cikina tunda ba a san ko akwai abinci a can ba.

A Kwatano na sauka gidan wani ɗan garinmu mai sayar da hatsi. Shi ya raka ni kasuwar gwanjo neman rigar sanyi. Na zaɓa a natse kamar yadda nake yin komi: na duba ɗinki, na ja zip, na taɓa maɓallai, na auna kauri. Na sa ta cikin zafin Kwatano har gumi ya jiƙa ni, mai sayarwa yana rantsuwa cewa da ita ana iya kwana cikin firji. Game da ɗumi gaskiya ya faɗa. Abin da ya rage bai faɗa ba sai can na ji shi.

Labarin jirgin sama ba zan ja shi ba. Mun tashi, mun sauka a Turai, mun sake tashi, kunnena ya toshe. Iyakar ƙasarsu ba gada ba ce kamar tamu ta Gaya, inda kake gaisawa da jandarma ka tambayi iyalinsa kafin a zo ga takarda. Layi ne cikin babban ɗaki, kowa shiru. Na iske wata mace mai furfura a bayan gilashi. Na miƙa fasfo da hannu biyu, na rusuna, na amsa tambayoyinta ina kallon teburinta. Sai ta ajiye fasfon.

"Misye, in kana magana da ni ka dube ni."

Na ɗaga ido na daƙiƙa guda, na mayar.

"Akwai abin da kake ɓoyewa ne?"

Na ce babu, girmamawa ce, haka ake yi a garinmu. Ta ƙara tambayoyi masu yawa kafin ta buga hatimi. Daga nan karen duwan, wato kwastan, ya zo ya zauna gaban balis ɗina kamar wanda aka gayyata. Kilishin Inna duka aka karɓe, nama ba ya shiga ƙasarsu. Kifin Kawu da yaji suka tsira.

Makaranta ta sama mini masauki a wani ƙaramin gari, gidan wani dattijo mai suna Jil da matarsa Madam Loren. Shi ya yi aiki a masana'antar takarda har ya yi ritaya. Ya zo tarya ta a tasha, gajere ne mai faɗin ƙirji. Ya miƙo hannu, ni kuma na rusuna ina kallon ƙasa. Sai kawai na ga shi ma ya duƙa yana dube-dube cikin dusar ƙanƙara.

"Mi ya faɗi? Makulli ne?"

Na ce gaisuwa ce. Ya miƙe yana riƙe da ƙugu ya ce in rage irin wannan gaisuwar, bayansa ba zai ɗauka ba. A gida Madam Loren ta karɓi rigar sanyina za ta rataye, ta juya ta, ta kira mijinta, suka yi ta dariya. Rigar mata ce. Ta ce maɓallan ma ta hagu suke. Ta ɗauko mini ta ɗansu wanda ya koma birni da aiki, ita kuma ta riƙe tawa, ta ce ta fi tata kyau.

Ɗakina a ƙarƙashin ƙasa yake, mai ɗumi, da ƴar taga daidai ƙafar masu wucewa. Suna cire takalmi a ƙofa kamar mu. Amma gaisuwarsu kalma ɗaya ce, ba a tambayar gajiya, ba a tambayar iyali. Suna cin abincin dare tun rana ba ta gama faɗuwa a lissafinmu ba. Madam Loren ta ware mini tukunya tun ranar farko saboda naman alade, ban ma roƙa ba. Abincin da suke alfahari da shi soyayyen dankali ne da ake watsa wa gutsattsarin cuku a kwarara romo a kai. Cukun yana ƙara a haƙori kamar sabon wagashi. Da na barbaɗa masa yaji ya zama abinci. Dattijon ya ce in kira shi Jil kawai, ba Misye. Bakina ya ƙi. Muka daidaita a kan Baba Jil.

Kullum da sassafe nakan ji shi yana fita. Wata rana na bi shi. A ƙarshen layinmu akwai fili da aka kewaye da katangar katako iya ƙugu. Yana tsaye a tsakiya da tiyo yana fesa ruwa a hankali, layi bayan layi, ruwan yana daskarewa ya zama santsi kamar madubi. Ni da na zo koyon ban ruwa, na tsaya ina kallon mutum yana ba ƙanƙara ruwa. Ya ce tun yana saurayi yake wannan aikin, ba wanda ya sa shi. A nan ƴaƴansa suka koyi tafiya kusan kafin su koye ta a ƙasa.

Wasan da ake yi a filin sunansa hoki. Kowa yana sa takalmi mai doguwar wuƙar ƙarfe a ƙasa, yana riƙe da sanda mai lanƙwasa a baki kamar ƙotar hauya, ana korar wani baƙin faifan roba mai girman waina da suke kira rondel, har a jefa shi raga. Yadda ƙwallo yake a wurinmu, haka hoki yake a wurinsu, har ya fi.

A teburin abinci Madam Loren ta ba ni sauran labarin, Baba Jil yana cin abincinsa. Garin unguwa biyu ne, Tudu da Bakin Kogi inda muke, kowace da filinta. Duk ƙarshen sanyi sukan kara. Samarin Bakin Kogi sun watse zuwa birni. Meri, wato hukumar gari, ta ce unguwar da ba ta iya cika ƴan wasanta daga cikin masu kwana a cikinta ba ta buƙatar fili, za a cire fitilu a yanke ruwa a mai da wurin ma'ajiyar motoci. Bara mutum ɗaya ya rage musu, aka yi musu uzuri. Bana ma ɗaya ne, kuma an ce ba sauran uzuri.

"Kai ma a unguwar nan kake kwana," in ji ta, tana zuba mini shayi.

Baba Jil ya ce, "Bar yaron nan, Loren. Karatu ya zo."

Na dubi takalmansa na cikin gida, duk sun cinye a dunduniya. Na ce zan yi. Kun san ba na saurin alkawari, kuma in na yi ba na sakewa.

Ranar farko da na hau ƙanƙara, ƙafafuna suka tafi gabas, ni na tafi yamma. Na tashi na sake faɗuwa. Gaston, bakaniken unguwa, ƙato kamar ƙofar sito, ya ɗaga ni ta wuyan riga da hannu ɗaya ya ce, "Farfesa, ƙanƙarar ba ta yi maka komi ba, daina dukanta." Sunan Farfesa ya bi ni har na baro garin.

Na yi abin da na iya: na tafi laburare na ɗauko littattafan koyon gudun ƙanƙara, na karanta su kamar za a yi mini jarrabawa. Kuma sun amfane ni, kar wani ya ce muku littafi ba ya koyar da ƙafa. A nan na gane kuskurena na farko. Ina ƙoƙarin gudu irin na ƙasa, ina tura ƙafa baya. Wuƙa ba ta da abin kamawa ta baya, zamewa take. Sai ka karkata ƙafar waje, ka dasa gefen wuƙar na ciki, ka tura gefe. Turin gefe shi ke kai ka gaba. Na biyu, ba a katse turi. Ka miƙe ƙafar har ƙarshenta, ƙugu da gwiwa da idon sawu, babban yatsa shi ne na ƙarshen barin ƙanƙara. Sannan ka dawo da ita ƙasa-ƙasa har ƙarƙashin cikinka kafin ɗayar ta tafi. Hannu kuma gaba da baya yake lilo, in ya gitta ƙirji ƙarfinka ya zube a gefe. Wurin tashi kaɗai ake gajerun taku masu sauri, dunduniya kusa da juna, sannan a buɗe.

Amma duk littattafan da Baba Jil bakinsu ɗaya a kan abu guda: ƙarfin yana cikin gwiwa. Wanda ya tsaya ƙiƙam ba shi da abin miƙewa, don haka ba shi da abin turawa. Baba Jil ya ce sabon shiga yakan yi sanyi guda cur kafin ya yarda ya sauka ƙasa, don cinya tana ƙuna.

"Lanƙwasa," in ji shi. "Ƙara. Har gwiwa ta rufe maka yatsu."

Na lanƙwasa. Ya zagaya ni yana kallo.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Gaisuwa ce, Baba Jil. Wadda ka ce in rage."

"Na janye. Kar ka rage komi."

Cinyar da ta yi shekara da shekaru tana gaida dattawan kasuwar albasa ba ta san ƙuna ba. Na ƙara mata aiki: da safe nakan jingina baya da bango in zauna bisa kujerar da babu, in yi tsalle gefe da gefe da ƙafa ɗaya, in hau matakalar makaranta bibbiyu. Kafin wata ya zagayo ina wuce mutanen da aka haifa a filin. Ba yabon kai ba ne, Gaston ma ya faɗa. In na sauka ƙasa na tura, iska takan yi kuka a cikin hular kwanona.

Sai dai akwai abin da Baba Jil ke maimaitawa ni kuma ban ɗauke shi da nauyi ba. "Kai sama, Farfesa. Kai sama." Nakan ɗaga, in na sake lanƙwasa gwiwa ya koma. Wata Asabar muna gwaji, na kwaso gudu daga ƙarshen fili, ina jin daɗin turina, ina kallon wuƙaƙena suna yanka ƙanƙara. Abin da na gani na ƙarshe takalman Gaston ne. Na san su sarai. Shi ko gezau bai yi ba. Ni na farka ina kallon sama, haɓata a fashe.

Wadda ta ɗinke ni a asibitin gari ita ce Madam Silbi, dattijuwa doguwa mai gajeren gashi. Ita ce kuma alƙaliyar wasan unguwannin, ba mai shiga fili ranar karawa sai da yardarta. Tana ɗinki tana magana.

"Na ga gudunka. Yana da kyau. Ba za ka yi wasa ba."

Baba Jil ya ce, "Silbi, mutum ɗaya ne ya rage mana."

"Na sani, Jil. A filinka na koyi tafiya, ba sai ka tuna mini ba. Amma mai gudu irin wannan da kai a ƙasa, ko ya karya wuyansa ko ya karya na wani. Yau Gaston ya samu. Gobe in ƴar Tudu mai rabin nauyinsa ce fa?" Ta yanke zare. "Kai, saurayi. Tun da ka shigo ba ka dube ni ba. Ka dawo ranar jajibirin wasa. In ka iya gudu kana kallona, ka shiga. In ba ka iya ba, a yi ma'ajiyar motoci."

Baba Jil ya mai da ni gida. Washegari da sassafe na ji ya fita da tiyonsa kamar kullum.

Na zauna na yi wa matsalar tunani yadda ake yi wa magudanar da ta toshe, a bi ta daga tushe. Ba tsoro ba ne, ba na tsoron ƙanƙara. Ba mantuwa ba ce. Abin da ya ba ni gudu shi ne ya fasa mini haɓa. A jikina lanƙwasa gwiwa da sunkuyar da kai abu ɗaya ne, tare aka koya mini su tun kafin in yi wayo, kamar igiya ɗaya ke jan su. In na ce wa wuya ya tashi, gwiwa ma sai ta miƙe, gudu ya tafi. Na gwada gaban madubi, haka ne.

Sai na tambayi kaina: a ina na taɓa lanƙwasa gwiwa kaina yana sama? A gaisuwa, ƙasa. A salla, ido wurin sujada. A dashen shinkafa, ƙasa. Ƴan kokawa suna yi, amma ni ban taɓa shiga fage ba. Ina cikin wannan lissafi na tuna Garu. Duk hutun makaranta can ake tura ni, Kawu Hamani yakan tsai da ni a gindin kwalekwale ya ba ni gora. A nan dole ka sauka bisa gwiwa, in ba haka ba jirgi ya watsar da kai. Ka dasa gora a gefe, ka tura har ƙarshenta, ka bar jirgi ya sulala. Kuma ba ka kallon ƙafarka ko kaɗan, don idonka yana can gaba bisa ruwa yana neman tudun yashi da kunnuwan dorina. Kawu yakan ce mai kallon ƙafarsa a kogi dorina ce ke gaishe shi.

Na kira shi a waya in tabbatar ban ƙara wa tunanina gishiri ba.

"Kawu, in ana tura gora, ina ake kallo?"

"Don wannan ka kira daga ƙasar Turawa? Inda za ka mana. Kai ɗan Inna, karatun ne ya kai ka haka?"

"Kifin ya kusa ƙarewa, Kawu."

"To ka dawo. Shi kogi bai tahi ko'ina ba."

Daga ranar na daina gaida ƙanƙara. In na hau fili sai in ce wa kaina ba gaban Baba nake ba, a gindin kwalekwale nake. Sandar hoki ta zama gora, katangar can gaba ta zama gaɓar Nijar. Da farko gudun ya ragu, don jikina yana neman tsohuwar hanyarsa. Sannan ya dawo, har ya fi na da, saboda in kai ya tashi baya yakan miƙe, ƙugu ya sauka daidai bisa wuƙa, turi ya fita duka. Littafi ma ya faɗi haka, ni ne na karanta shafin ban ji shi ba. Rondel kuma na koyi jin sa a hannu ta cikin sanda, ba sai na duba ba, kamar yadda ake jin ƙasan kogi ta cikin gora.

Ranar jajibiri da la'asar mutanen unguwa suka jeru a bakin katanga. Madam Loren ta zo sanye da rigata ta Kwatano. Na ɗauka yatsu Madam Silbi za ta ɗaga in ƙirga, haka Baba Jil ke gwada ni. Sai ta je ƙarshen fili ta tsaya, hannuwa cikin aljihu.

"Ka taho da rondel, da dukan gudunka. Zan rufe ido ɗaya. Ka faɗa mini wanne, kafin ka iso. Zan canza, ka sake faɗa."

Yatsu daban, ido daban. Mace sa'ar Inna, in zuba mata ido ina tunkarar ta a guje. Na ji wuyana ya fara nauyi tun ban motsa ba. Na dubi Baba Jil, yana riƙe da katanga da hannu biyu.

Allah ya yafe mini, na mai da Madam Silbi dorina. Na ce wannan idanu biyu ne bisa ruwa, in na kau da kai jirgi ya kife. Na sauka bisa gwiwa, na yi gajerun takuna, na buɗe.

"Hagu," na ce. Ta canza. "Dama." Ta sake. "Dama har yanzu, ba ki canza ba." Na ga gefen bakinta ya motsa. "Duka biyu a buɗe."

Na juya wuƙaƙe gefe na tsaya, garin ƙanƙara ya watsu bisa takalmanta. Ban dubi takalman ba. Idanunta koraye ne, abin da ban taɓa gani kusa haka ba.

"Gobe ka ɗaure hularka da kyau," in ji ta. "Ba na son ɗinki biyu a haɓa ɗaya."

Game da wasan kansa, kar ku sa rai da labarin jarumta. Tudu sun ci mu, kamar yadda aka ce suna yi kusan kowace shekara. Ban jefa ko ɗaya ba. Amma akwai lokacin da rondel ya zo sandata, na kwasa ta gefen katanga, na hango wani ƙaton Tudu ya taho zai tare ni. Na gan shi tun daga nesa. Na tura gefe na wuce shi, na hango Gaston shi kaɗai gaban raga, na miƙa masa. Ya daka da dukan ƙarfinsa, ya sami ƙarfen raga. Har na baro garin yana cewa laifina ne, na ba shi da kyau fiye da yadda ya saba.

Mun cika, shi ne abin da meri ta nema. Fili ya tsaya. Washegari da sassafe na ji ƙofa, na fito na riƙe wa Baba Jil tiyo. Muna fesawa ya ce, ba tare da ya juyo ba, ɗansa ya kira daga birni, ya ji labari, ya ce baɗi zai dawo da kwana gida lokacin sanyi, ba zai yarda a ce sai da aka ɗauko mutum daga Afirka ba. Ranar da zan taho Baba Jil ya ce takalman hokin da nake sawa sun zama nawa. Na ce a Malanbil ba inda zan taka su. Ya ce to a rataye a gareji, suna jirana. A tasha ya tsaya gabana ya lanƙwasa gwiwa kaɗan, iyakar abin da bayansa ya yarda, yana kallon ƙasa. Ni kuma na miƙa masa hannu ina kallonsa.

Karatun ruwan na gama shi lafiya, wanda ke son wannan labarin ya same ni daban. Na sauka Kwatano, zafi ya rufe ni kamar bargo, kar ta kawo ni gida da hantsi ranar kasuwa. Ban tsaya ajiye kaya ba, na wuce rumfar Baba. Yana zaune tsakanin buhunan albasa. Na sauka bisa gwiwa, ƙasa sosai, fiye da yadda na taɓa yi. Sai dai jiki ya riga ya koyi sabon abu. Gwiwa ta sauka, kai bai bi ta ba.

Na ga gemunsa ya yi fari fat. Na ga wani tsohon tabo a gefen girarsa ta hagu wanda ban san da shi ba. Na ga idanunsa irin nawa ne sak, kuma sun cika da ruwa, yana ta ƙoƙarin mayar da shi kafin in ɗago, don ya saba ba na ɗagowa.

"Mi kake kallo?" in ji shi.

"Ba komi, Baba."

"Mi ya sami haɓarka?"

"Kallon ƙasa ne, Baba."

Ya goge fuska da gefen rawani kamar gumi ne. Na sunkuyar da kai yadda ya kamata, ya ɗora hannu a kai. Takalmansa dai su ne na ranar da na tafi.

Idi, in ka kai nan da karatu: a jera fuskokin. Zan fid da ta ubana.